Ƙofar da Sai an Ɗaga Ta: Tarihin Fijo 504 Daga Bakin Hinji

Ga waɗanda data ta yi wa ƙaranci ba su saurari shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba maganar sarakuna za mu yi ba, ba kuma ta yaƙe-yaƙe ba. Maganar ƙofar mota za mu yi. Na san wani zai ce, "Kai malam, tarihi ya ƙare ne?" Ku ɗan yi haƙuri da ni. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Fijo a tasha ya san abin da nake nufi: ka ja ƙofa ta ƙi rufuwa, direba ya leƙo ya ce, "Ɗaga ta sama kaɗan, sai ka buga." Ka ɗaga, ka buga, ta kama. Mun ɗauki wannan a matsayin halin tsohuwar mota kawai. Ni ma haka na ɗauka, har sai da wata ƙofa ta kusa raba mu da abin da mahaifinmu ya bari.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da Fijo 504 fara, mai ƙofa huɗu. A gwanjo ya saye ta tun kafin a haife ni. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko lefen yayata. Bayan rasuwarsa ta yi shekara biyu a ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da aka zo rabon gado, Baffa ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Hujjarsa ɗaya ce: ƙofar direba ta sauka, ba ta rufuwa sai da duka, kuma a ganinsa motar da ƙofarta ta sauka jikinta ne ya karye. Umma ba ta ce komai ba, amma na ga idonta. Na roƙi a ba ni wata guda in kai ta a duba. Idan jikin ya tafi, a sayar. Idan bai tafi ba, a lissafa ta cikin kasona.

Kafin in faɗa muku abin da ya biyo baya, bari mu koma baya, domin maganar Baffa tana da tushe a tarihi.

Motocin farko keken doki ne aka ɗora wa inji. Kafintoci ne ke yin jikinsu da katako, sannan a lulluɓe da fallen ƙarfe. Kowace ƙofa da hannu ake fere ta har ta dace da raminta, shi ya sa ba za ka cire ƙofar wata mota ka sa wa 'yar'uwarta ta zauna ba. Katako kuma kun san halinsa: damina ya kumbura, rani ya tsuke. Ƙofa ta zama abin ciwon kai har ga manyan kamfanoni. Ford Model T da ta fito a 1908, buɗaɗɗun samfuranta na Amurka sun yi shekaru da dama ba su da ƙofar direba ta gaskiya. Zanen ƙofa kawai aka buga a jikin ƙarfen, direba ta ɗaya gefen yake shiga. Sai a tsakiyar shekarun 1920 aka ba shi ƙofarsa.

Wanda ya sauya lamarin wani Ba'amurke ne, Edward Budd, da ya kafa kamfaninsa a birnin Filadelfiya a 1912. Shi ya nace cewa za a iya matse jikin mota gaba ɗaya da ƙarfe a haɗa da walda, ba katako. Kamfanin Dodge ya fara saye a wurinsa a 1914. André Citroën ya kai fasahar Faransa, ya fito da mota mai jikin ƙarfe zalla a 1924. Daga nan ƙofa ta zama abin da inji ke bugawa dubu-dubu, duk girma ɗaya.

Mataki na biyu shi ne wanda ya shafe mu. A da, mota kashi biyu ce: shasi a ƙasa, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da nauyi, sai jiki a ɗora a sama. A 1934 Citroën ta fitar da Traction Avant, inda jikin da kansa ne shasin. Peugeot ta bi sahu a 1948 da samfurin 203, kuma a kan wannan tsari 403 da 404 da 504 suka zo. To ku lura da kyau. A irin wannan mota, bene da rufi da ginshiƙai da dokin ƙofa su ne ƙashin bayanta. Ramin ƙofa babban gibi ne a cikin wannan ƙashi. Idan tsatsa ta ci dokin ƙofa, ko an yi hatsari an miƙe jikin da ganganci, ramin zai karkace, ƙofa kuma ita ce za ta fara tona asiri. Ashe Baffa bai yi ƙarya ba. Kuskurensa kawai shi ne ya ɗauka wannan ne kaɗai dalilin saukar ƙofa.

Akwai kuma tarihin abin da ke riƙe ƙofar idan an rufe, wanda makanikai ke cewa lok. Fijo 203 ƙofofinta na gaba ta baya aka yi musu hinji, suna buɗewa suna fuskantar iska. Idan irin wannan ƙofa ta kuɓuce ana tafe, iska ce za ta wangale ta. Ko da aka daina wannan salo, an ci gaba da samun mutane suna faɗowa daga mota a hatsari saboda lok ya saki. A 1956 Ford ta tallata lok mai riƙo biyu a matsayin kayan kare rai, kuma daga 1968 dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci ƙa'idar ƙarfin lok da hinji. Shi ya sa ƙofar mota ke da kamu biyu. Tura ta a hankali za ka ji "ƙyas" na farko, ka ƙara turawa ka ji na biyu. Na farkon na ko-ta-kwana ne. Ƙofar da ta sauka sau da yawa a na farkon take tsayawa, mai motar yana zaton ta rufu. Wannan ne ya sa maganar ta wuce ta kwalliya, ta zama ta rai, musamman idan yaro ne ya jingina da ita.

Yanzu mu zo kan ita 504 ɗin. A Faris aka nuna ta a 1968, bayan yajin aikin da ya girgiza Faransa a watan Mayun shekarar ya jinkirta fitowarta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta Turai. Amma a Afirka ta yi suna na gaskiya. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na da doguwar lilo, injinta kuma ba ya buƙatar kwamfuta kafin a gane ciwonsa. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, gasar da ake ganin ba ta da na biyu wajen karya motoci.

A wannan shekarar dai, 1975, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, zamanin Janar Yakubu Gowon. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na son a riƙa haɗa motoci a gida: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, manyan motocin Mercedes a Enugu, na Fiat a Kano. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, ɗaruruwan jirage maƙare da siminti suna jiran layi wata da watanni. Don haka sassan Fijo ta sama suke zuwa: jirgin dakon kaya ya taso daga Liyon a Faransa ya sauka a Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Ku yi tunani, wataƙila ƙofar da kakanku ke bugawa ta hau jirgin sama kafin shi. Kuma da yake Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a Afrilun 1972, motocin Kaduna sitiyarinsu a hagu yake, ƙofar hagu ta gaba ita ce mai shan wahala.

Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Sai ya zamana babban sakatare na cikinta, malamin makarantar da ya samu bashin mota na cikinta, direban haya na cikin doguwar mai kujeru jeri uku, manomi kuma na loda buhuna a akori-kura. A Turai an daina yin mai ƙofa huɗun a 1983. A Kaduna an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Ajantina da Kenya duk sun ajiye. Jimilla an ƙera sama da miliyan uku a duniya.

To me ya gajiyar da ƙofofin? A 1986 aka shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabbin kayan gyara ma haka. Motar da aka yi don ta yi shekara goma sha ta koma yin talatin. Ta bar gidan gwamnati ta koma gwanjo, daga gwanjo ta koma tasha. A tasha kuwa ƙofa ba ta hutawa: a buɗe sau ɗari a yini, fasinja ya dafa ta ya fito, kwandasta ya rataya a jikinta, a cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku a danna ta da kafaɗa. Ƙurar hunturu ta shiga hinji ta haɗu da busasshen giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Daga baya motocin Kwatano suka cika gari, aka daina ma damuwa da gyaran tsofaffin. Igiya da tsumma suka maye gurbin sifana.

Wannan shi ne tarihin da ke rataye a ƙofar motar Baba ranar da muka ja ta zuwa garejin wani dattijo mai gyaran jikin mota, wanda ya fara koyon sana'ar tun 504 tana sabuwa. Na gaishe shi na ce, "Baba, ƙofa ce ta sauka. A ɗan ɗaga ƙugiyar nan ta jikin ginshiƙi ko za ta kama."

Ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya faɗa maka ƙugiya ce ba ta da lafiya? Ita aka fi duka, amma ba ita ta yi laifin ba."

Abin da ya yi a gabana shi zan zayyana muku, don ko ba ku da 504, ƙa'idar ɗaya ce a kusan kowace tsohuwar mota.

Da farko ya sa aka hura tayoyin, aka tura motar kan daɓen siminti mai daidai. Ya ce ba a auna ƙofa mota na kan jak ko tana tsaye a gangare, domin jikin yana ɗan murɗewa, sai ka gyara ƙarya. Sannan ya ja baya ya tsuguna yana kallon layin da ya ratsa gefen motar daga fenda zuwa baya. A ƙofar direba layin ya faɗo ƙasa da na ƙofar baya. Ya bi tazarar da ke kewaye da ƙofar da yatsa. Ya ce a lafiyayyar mota tazarar kusan ɗaya ce ko'ina, wajen milimita huɗu zuwa biyar. A tamu, ta buɗe a saman gaba, ta matse a ƙasan baya har fenti ya goge. Wannan alamar ƙofar ta sunkuya ne.

Na biyu, ya buɗe ƙofar kamar taki ɗaya, ya kama ƙarshenta ta ƙasa ya ɗaga. Muka ji "ƙwas, ƙwas." Ya ce in sa yatsa a kan hinjin sama yayin da yake ɗagawa. Na ji rabin hinjin yana motsi, ɗaya rabin yana tsaye. Ya ce, "Ka ji? Ƙusar tsakiya ce ta cinye." Ya yi mini lissafin da ko a jami'a ban ji an yi shi da sauƙi haka ba. Ƙofa ta kai kusan mita ɗaya a tsawo, nauyinta ya kusa rabin buhun siminti, hinji biyun kuma tazararsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon ba. Idan an buɗe ta, nauyin yana fizgar hinjin sama waje, yana danna na ƙasa ciki. Saboda haka cin milimita ɗaya a hinji yana zama kusan uku a ƙarshen ƙofa. Ƙaramin ciwo ne, nesa ce ke girmama shi.

Na uku, ya duba ƙugiyar. Samanta ya yi ƙyalli kamar an goge da yashi, shaidar cewa shekaru ƙofar na hawa kanta kafin ta rufu. Ya zagaye ta da alli, ya kwance ta gaba ɗaya, ya tura ƙofar a hankali. Ya ce sai an cire ƙugiya ake ganin inda ƙofa ke tsayawa da ƙafarta. Nan ya ja mini kunne: aikin ƙugiya riƙewa ne, ba ɗagawa ba. Wanda ya matsar da ita don ta ɗago ƙofa, ya ɗora wa lok nauyin da ba nasa ba, wata rana lok ɗin zai saki.

Na huɗu shi ne wanda gabana ke faɗuwa a kansa, domin shi ne zai raba gardamar Baffa. Ya ɗaga shimfiɗar bene, ya cire robar dokin ƙofa, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma yana saurare. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake kamar kwali. Ya bi ginshiƙin gaba da maganaɗisu, ya ce inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da bodi-fila an rufe da fenti. Ya ɗauko tef ya auna ramin ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya zagaya ya auna na ɗaya gefen, ya gwada. Ya buɗe sauran ƙofofi ukun ya rufe, kowacce ta kama lafiya. Ya ce da jikin ne ya karye, da wuya ƙofa ɗaya kaɗai ta yi kuka. Abin da ya samu kawai ɗan tsagu ne kamar gashi a gindin hinjin sama, inda shekaru na fizga suka gajiyar da ƙarfen.

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Je ka faɗa wa baffanka, motar nan ƙashinta ƙalau. Gwiwa ce ke mata ciwo."

Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Gyaran ya ɗauki yini biyu, kuma a jere yake, ba a tsallake. An tallafe ƙofar da jak da guntun katako da tsumma, yara biyu na riƙe da ita. Aka fitar da tsofaffin ƙusoshin hinji, ɗaya ta cinye har ta yi ƙugu kamar turmi. Aka yi wa tsagun walda aka ƙarfafa bayansa. Ƙusoshin da suka dace ba a same su a shago ba, sai a Panteka wani mai injin fere ƙarfe ya fere sababbi daidai ramin. Ya ce a motocin da hinjinsu da noti aka ɗaure, sai ka zagaye hinjin da alli kafin ka sassauta, ka matsar kaɗan-kaɗan, ko ka sa siririn falle a bayan hinjin ƙasa don ƙarshen ƙofar ya ɗago. Inda kuma walda ce, sai gwani, domin lanƙwasa hinji da ƙarfi yana iya yaga ginshiƙi.

Ya kuma koya mini jerin da ake bi a mota mai ƙofa huɗu. Ana farawa daga abin da ba ya motsi, wato ɓangaren baya na jiki. A daidaita ƙofar baya da shi, a daidaita ta gaba da ta baya, sannan a kawo fenda ta bi ƙofar gaba. Wanda ya fara daga gaba zai yi ta korar tazara har dare. Ƙugiya ita ce ta ƙarshe. Ya shafa mata alli, ya rufe, ya buɗe, ya duba inda lok ya taɓa, ya matsar da ita har ƙofar ta shiga ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Daga ƙarshe ya ɗauko takarda ya maƙale tsakanin ƙofa da roba, ya rufe ya ja, ya yi haka wuri-wuri kewaye da ƙofar. Inda takarda ta zare ba turjiya, nan ƙura da ruwa za su shiga. Ya kuma zura waya ya buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofar, waɗanda laka ta toshe. Ya ce ta nan ruwan da ya bi gilashi ke fita, idan sun toshe ƙofa daga ciki take ruɓewa.

Da ya gama ya ce, "Rufe da yatsa biyu." Na tura. Ƙyas, ƙyas. Sautin da rabona da shi tun ina firamare.

Da zan biya shi na tambaye shi yara nawa ya koya wa wannan. Ya ce da yawa sun zo, amma yawancinsu fenti da bodi-fila suke so, don nan kuɗi ke saurin shigowa. Wai yanzu idan ƙofa ta sauka, sai a je Ƙofar Ruwa a sayo wata a ɗaura, ita ma bayan wata shida ta sauka, tunda ba a taɓa hinjin ba. Wannan magana ta tsaya mini. Ana yawan ba da tarihin masana'antun Kakuri ta fuskar gine-gine da hannun jari da wanda ya saya da wanda ya sayar. Amma akwai wani ɓangaren tarihin da ba ya cikin kowace takarda, yana hannun mutanen da suka san sautin lafiyayyen ƙarfe. Su kuma shekarunsu sun ja.

Don haka ga aikin gida. Idan akwai tsohuwar mota a gidanku, kafin a kira mai kilo, buɗe ƙofar taki ɗaya ka ɗaga ƙarshenta ka saurara. Idan kana hawa motar da ƙofarta sai an buga, tabbatar ta yi kamu na biyu kafin a tashi, kuma kada a zaunar da yaro a jikinta. Idan kuma akwai dattijon makanike a unguwarku, je ka zauna da shi, ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye shi motar da ya fara kwancewa.

Ita kuwa motar Baba tana nan. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai Umma gidan yayata a cikinta. Baffa ma ya karɓi makulli ya zagaya unguwa, ya dawo ya rufe ƙofar sau uku yana saurare, bai ce komai ba. Sai da zai tafi ya ce in an tashi yi mata fenti a bar ta fara yadda take.

Mu haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.